Ruwan da ke Ƙarƙashin Rumde Ajiya: Dutsen Yashi, Rijiya da Darasin Garuruwan Kwal

   

A bazarar da ta wuce rijiyar gidanmu ta ja baya. Sau biyu muna ƙara wa guga igiya, daga ƙarshe sai laka yake kwasowa. Baba ya kira wani dattijo mai haƙar rijiya ya ƙara mata zurfi, ni kuma aka sa ni jan bokitin ƙasa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ƙasar da ke fitowa ba iri ɗaya ba ce. Da farko dutse ne ja-ja mai marmashewa a hannu, sai wani laka mai danƙo, sai kuma dutse fari-fari mai manyan ƙwayoyin yashi. Da dattijon ya kai ga wannan farin sai ya ɗago kai ya ce mini, "Ɗana, gaya wa babanka ya kwantar da hankalinsa, mun zo gidan ruwa." Kafin la'asar ruwa ya fara tsattsafowa.

Na tambaye shi, "Baba, yaya aka yi ka sani?" Ya yi dariya ya ce shekarunsa a cikin rami sun fi shekaruna a duniya. Wannan amsa ba ta ishe ni ba, shi ya sa na yi ta tambaya da karatu. Abin da na fahimta ne nake so in raba da ku.

Wane irin dutse ne a ƙarƙashin Garwa?

Duk wanda ya tsaya a wajen filin ƙwallo na Rumde Ajiya ya dubi arewa zai hango duwatsun Tingilin, masu kai a shimfiɗe kamar tebur. Wanda ya je kusa zai ga dutsen hawa-hawa yake, wani kan wani, kamar an jera tabarmi. Idan ka goga yatsa a jikinsa yashi zai maƙale maka. To, wannan shi ne dutsen yashi, wato yashi ne da ya danne juna tsawon zamani har ya haɗe ya zama dutse. Irinsa ne a ƙarƙashin unguwarmu. Masana ma sunan garinmu suka ba shi, suna ce masa dutsen yashin Garwa.

Masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta cewa shekarunsa sun kai wajen miliyan 100, Allah ne Mafi sani. Bayaninsu shi ne, a da can Afirka da Kudancin Amurka a manne suke. Lokacin da suka fara rabuwa, sai ƙasa ta tsage ta lotsa, aka sami wani dogon kwari mai tsawon kusan kilomita 1,000, tun daga gaɓar teku a kudancin Najeriya har zuwa nan wajenmu. Manyan koguna na wancan zamani suka yi ta kwaso yashi da tsakuwa da laka daga tuddai suna zubawa a cikinsa. Idan ruwa na gudu da ƙarfi sai ya ajiye yashi mai kauri da tsakuwa, idan ya kwanta sai laka ya zauna. Haka aka yi ta yi har hawa-hawan nan suka taru. Kogin Binuwai da muke gani yau a cikin wannan tsohon kwari yake tafiya, ya karɓi Mayo Kebbi kusa da Garwa, ya wuce Yola da Numan da Makurdi, ya haɗu da Kwara a Lakwaja. Dutsen ma bai san iyakar ƙasa ba: ɗan'uwansa yana can Yola, inda ake kiransa dutsen yashin Bima.

Yaya ruwa ke zama a cikin dutse?

Da yawa daga cikinmu muna zaton akwai wani kogi ko tafki a buɗe a ƙarƙashin ƙasa. A dutsen yashi ba haka abin yake ba. Ruwan yana zaune ne a 'yan ƙananan ƙofofin da ke tsakanin ƙwayar yashi da 'yar'uwarta, da kuma cikin tsagogin dutse.

Na gwada da kaina, kowa ma zai iya. Na cika gorar lita ɗaya da busasshen yashin kogi har baki, na riƙa zuba ruwa a hankali. Gorar da ake cewa ta cika ta shanye kusan kashi ɗaya cikin uku na lita kafin ruwa ya taso sama. Dutsen yashi ba ya ɗaukar kamar haka, domin ya danne kuma wasu ƙofofinsa sun toshe, amma duk da haka yana ɗauka sosai. Sai na sake gwadawa da laka irin na maginan tukwane. Ruwan ya kwanta a kansa, ya ƙi wucewa. Ka ga ke nan yashi yana ajiye ruwa kuma yana ba shi hanya, laka kuwa yana tare shi.

Daga nan na gane abin da ya faru a gidanmu. Tsohuwar rijiyar tana shan ruwan da ya taru ne a saman wancan lakan mai danƙo, ruwa ne kaɗan, mai ƙarewa da rani. Da aka huda lakan aka shiga farin dutse mai manyan ƙwayoyi, sai aka tarar da ma'ajiya mafi girma. Shi ya sa za ka ga maƙwabta biyu, katanga ce kawai tsakaninsu, rijiyar ɗaya ta ƙafe ta ɗayan tana nan. Kafin a fara zargin sammu ko baki, a duba zurfin kowacce da irin ƙasar da aka ratsa.

A wannan fanni mutanen Garwa mun yi dace. Idan ka nufi arewa wajen Gider da Mokolo, dutsen da ke ƙasa mai tauri ne ƙwarai, ba shi da ƙofofi, ruwa sai a tsagoginsa da ruɓaɓɓen samansa. A can ana iya haƙa foraj, wato rijiyar burtsatse, a kashe kuɗi a tashi babu ko ɗigo. Shi ya sa ake ganin mata suna tona yashin busasshen mayo da rani suna kwalfar ruwa da ƙwarya.

Daga ina ruwan yake zuwa?

Daga sama. Garwa tana samun ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin watan Mayu da Oktoba. Ma'anar wannan lissafi ita ce kowane fili mai mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi yana samun lita 1,000. Gidan da ke da mita 20 kowane gefe yana samun lita 400,000, wato jarka mai lita 20 har guda 20,000. Amma yawancinsa ba ya shiga ƙasa. Wani ya gangara kwata ya tafi Binuwai, wani rana ta ɗauke, musamman a garin da zafinsa kan haura digiri 40 a Maris da Afrilu, wani itatuwa da shuka su sha. Ɗan abin da ya rage ne ke nutsewa har ya kai ma'ajiya.

Wani masani ɗan Kamaru mai suna Roger Njitchoua da abokan aikinsa sun wallafa bincike a 1997 a kan ruwan dutsen yashin Garwa, asalinsa da yadda yake sabuntuwa. Kun ga ashe ƙasar da muke takawa abin nazari ce har a manyan jami'o'i.

Ruwan ƙasa kuma ba gudu yake yi ba, rarrafe yake. A wuri da yawa tafiyarsa a yini ba ta kai taku ɗaya ba. Wannan yana da daɗi, domin shi ya sa ake samun ruwa a rijiya wata shida bayan ɗaukewar damina. Yana kuma da ban tsoro, domin ƙazantar da ta shiga yau tana iya ɗaukar shekaru kafin ta fita.

Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne kawai. Wani malami Musulmi, Abubakar al-Karaji, wanda ya yi zamani a Bagadaza, ya rubuta littafi sukutum a kan fitar da ɓoyayyen ruwa daga ƙasa, shekara kusan 1,000 da suka wuce. Sunan littafin Inbaɗul Miyahil Khafiyya, da Larabci ya rubuta shi, harshen da muke karantawa kullum a allo da littafi.

Ina kwal ya shigo?

A Garwa ba a haƙar kwal. Gawayin da iyayenmu mata ke girki da shi na itace ne. Amma kwal, wato gawayin dutse, yana cikin wannan kwari namu na Binuwai, kuma kusan duk inda yake za ka tarar da dutsen yashi a samansa ko a ƙasansa. Dalili kuwa, asalin kwal tsirrai ne da suka mutu a fadamu, yashi da laka suka binne su, nauyi da zafin ƙasa suka mayar da su baƙin dutse mai cin wuta. Kogunan da suka kawo yashin su ne suka yi fadamun.

Mafi kusa da mu akwai kwal a Lamza, ƙaramar hukumar Guyuk ta jihar Adamawa a Najeriya. A Maiganga, ƙaramar hukumar Akko ta jihar Gombe, ana haƙarsa a buɗaɗɗen rami ana kai wa masana'antar siminti ta Ashaka. A Nijar kuma akwai Anu Araren kusa da Cirozerin, arewa da Agadas, inda kamfanin SONICHAR ke ƙona shi yana samar da wutar lantarki ga Agadas da ma'adinan yuraniyom na Arlit. Amma wurin da ya fi tsufa shi ne Inugu. An gano kwal a yankin Udi a 1909, kuma a 1916 jirgin ƙasa ya fara kai shi Fatakwal.

Labarin Inugu ne ya fi koyar da ni. A can kwal yana ƙasa, a samansa kuma akwai wani dutsen yashi mai kauri, mai ruwa sosai, ana ce masa Ajali. Da aka haƙa ramuka aka shiga ƙarƙashinsa, sai ruwan ya riƙa bin tsagogi yana zubowa cikin ramukan. Dole aka sa injuna suna zuƙe shi. A nan matsala biyu ke fitowa, kuma ana samunsu a wuraren haƙar kwal da yawa a duniya.

Ta farko, ramin ma'adini kamar wata ƙatuwar rijiya ce da ta fi ta kowa zurfi. Idan ana zuƙe ruwanta dare da rana, ruwan kewaye yana gangarowa wajenta, sai rijiyoyin da ba su kai ta zurfi ba su ja baya ko su ƙafe.

Ta biyu, a jikin kwal akwai wani ma'adini mai ƙyalli kamar zinariya, wanda ƙarfe ne haɗe da farar wuta. Muddin yana binne, iska ba ta taɓa shi, ba ya cutar da kowa. Da zarar an tone shi ya haɗu da iska da ruwa, sai ya haifar da ruwa mai tsami irin na batir, ko da yake bai kai shi ƙarfi ba. Wannan ruwa yana cin ƙarfe, yana narkar da wasu ma'adinan da ke cikin dutse, ya bar tsatsa ja a kan duwatsun rafi, kifi ya kasa zama. A Inugu ya riƙa cinye injunan zuƙar ruwa da bututu, kuma yana malala cikin rafuka irin su Ekulu. Abin baƙin ciki, ko an rufe ma'adini ruwan tsamin yana iya ci gaba da fitowa shekaru masu yawa.

Ba cewa nake kwal sharri ba ne. Ni'ima ce, mutane na cin abinci da shi, ana samun wuta da siminti. Darasin shi ne, dutsen yashi ba ya tantance abin da zai wuce ta cikinsa. Ƙofar da ta ba ruwan sama hanya ita ce za ta ba guba hanya.

To mu da ba mu da kwal fa?

Mu ma muna haƙa ramuka, kuma muna zuba musu abin da ya fi ruwan tsami saurin kwantar da mutum. Ina nufin masai. A unguwa mai cunkoso irin tamu, fili ya yi kaɗan, sai ka ga rijiya a wannan lungu, masai a wancan, ko kuma masan maƙwabci yana bayan katangar da rijiyarka take jingine. Da damina ruwan ƙasa yana tasowa sama, wani lokaci har ya taɓa gindin masan. Daga nan sai yashi ya yi aikinsa na ba da hanya.

Ma'aikatan lafiya da na agaji suna ba da shawarar a bar aƙalla mita 30 tsakanin masai da rijiya, kuma gindin masai ya tsaya aƙalla mita ɗaya da rabi sama da inda ruwan ƙasa yake kaiwa. Ku auna na gidajenku da taku, ku ga gida nawa ne ya cika wannan. Ni na auna namu, bai kai rabi ba. Banda masai akwai bola, da ruwan kwata, da baƙin man da ake zubarwa a ƙasa a wajen gyaran babura da motoci, da tsohuwar rijiya da aka mayar wurin zuba shara. Wannan ta ƙarshe ta fi muni, domin ƙazantar ba ta ma ratsa ƙasa ta tace ba, kai tsaye aka aika ta gidan ruwa.

Yayyenmu suna tuna kwalarar 2010 da ta kashe ɗaruruwan mutane a arewacin Kamaru, suna kuma tuna ambaliyar 2012, lokacin da Binuwai ya cika ya tumbatsa, aka saki ruwa daga madatsar Lagdo, unguwannin bakin kogi suka nutse. Idan ambaliya ta shafe masai da rijiya tare, ko ruwan ya janye rijiyar ba ta koma yadda take ba sai an kwashe ta an sa mata magani.

A nan akwai abin da nake so 'yan ajinmu su lura da shi. A babin tsarki mun karanta cewa ana duba launin ruwa da ɗanɗanonsa da ƙanshinsa, kuma canjin da ya zo daga mazaunin ruwan, kamar ƙasar da yake kwance a kai, ba ya hana tsarki da shi. Misali, wata rijiya ruwanta kan fito garau, in ya kwana a bokiti ya yi ja. Ƙarfen da ke cikin dutse ne ya haɗu da iska ya yi tsatsa. Hukuncin alwala na malamai ne, su za a tambaya. Amma hukuncin alwala daban, lafiyar sha daban. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ba su da launi, ba su da wari, ba su da ɗanɗano. Ruwa yana iya zama fari tas, mai sanyi da daɗi, alhali yana ɗauke da ciwon da zai kwantar da gida guda. Akwai kuma wani sinadari da ake kira naitiret, wanda ke fitowa daga masai da taki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita ɗaya, ya fi yi wa jarirai illa, kuma tafasa ruwa ba ya fitar da shi. Sai an kai ruwan an auna kafin a san yana ciki.

Abin da za mu iya yi

Wanda zai haƙa sabon masai ya dubi rijiyarsa da ta maƙwabcinsa tukuna, ya nisanta iyakar iyawarsa, ya sa shi ta gangare, kada ya zurfafa shi har ya kai ruwa. Wasu suna alfahari da cewa masansu ya kai ruwa, ba ya cika. Wallahi wannan ba abin alfahari ba ne, cikin rijiyoyin unguwa yake zubewa.

A ɗaga bakin rijiya, a yi mata daɓen siminti kewaye mai gangara waje, a toshe tsagogin zobban sama, a yi mata murfi. Guga ɗaya a rataye shi, kada a yar da shi a ƙasa inda kaji da awaki ke yawo. Wannan aikinmu ne mu yara, ba sai an jira manya ba.

Ruwan sha, musamman da damina da bayan ambaliya, a tafasa shi ko a sa masa maganin ruwa gwargwadon yadda ma'aikatan asibiti suka nuna. Alif yana kwantar da laka ne kawai, ba ya kashe ƙwayar cuta.

Masu hali da ke haƙa foraj su tabbata an toshe samanta da siminti yadda ruwan sama-sama mai datti ba zai bi jikin bututu ya gangara ƙasa ba, kuma a auna ruwan kafin a fara sha ko sayarwa. Su kuma tuna ma'ajiyar ɗaya ce. Injin da ke zuƙa ba tsayawa yana iya janye ruwan rijiyar talakan da ke kusa, kamar dai yadda ramin kwal ke yi, sai dai a ƙaramin mataki. Haƙƙin maƙwabci bai tsaya a saman ƙasa ba.

A masallatai da makarantarmu kuma, inda ake alwala sau biyar a yini, mu rage ɓarna, mu gyara famfon da ke ɗiga, mu karkata ruwan alwala zuwa gindin itatuwa maimakon ya kwanta a hanya.

Da dattijon nan ya gama aikinsa, ya fito jikinsa duk laka, Inna ta kawo masa kunu. Yana sha ya dubi masanmu, ya dubi rijiyar, ya ce wa Baba, "Alhaji, ruwa kam na samo maka, amma wancan ramin ya yi kusa." Baba ya yi shiru. Bayan sallar isha'i ya je ya sami maƙwabcinmu suka daɗe suna magana, kuma yanzu haka ana tara kuɗin mayar da masan gidajen biyu can ƙarshen fili. Kafin nan, ruwan shanmu tafasa shi muke yi.

Wannan shi ne ɗan abin da Allah Ya sawwaƙe mini. Ni ɗalibi ne, inda na yi kuskure ina roƙon malamaina su gyara mini. Ina godiya ga malaminmu na lissafi da ya duba mini ƙididdigar ruwan sama, da dattijon da ya haƙura da tambayoyina. Allah Ya ba mu damina mai albarka, Ya tsare mu daga annoba, Ya jiƙan magabatanmu da suka haƙa rijiyoyin da muke sha.